Maƙogwaron Uwaisu Sanƙira

A Masanawa, cikin ƙasar Kabo, aure ba ya ɗauruwa sai Uwaisu ya faɗa. Liman zai karanta abin da zai karanta, waliyyai su nema su bayar, shaidu su gyaɗa kai, amma mutanen da ke can ƙarshen taro, a gindin darbejiya, ba sa shafa fatiha sai sun ji muryarsa ta ce an ɗaura. Aikin sanƙira ke nan: ya tsaya kusa da liman, ya ɗauki maganar da manya suka yi ƙasa-ƙasa, ya kai ta kunnen wanda ya zo a makare. Ranar suna ma haka. Liman ya raɗa, Uwaisu ya ɗaga, sannan mata a cikin gida su san abin da za su kira jaririn da suka kwana bakwai suna raino. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki bai taɓa riƙe lasifika ba. Ya ce ta masu ƙaramin ƙirji ce.

Ba gado ya yi ba. An haife shi a ruga kusa da Madadi, ta ƙasar Gwarzo, a gidan da ba a san wata sana'a ba sai shanu. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara shida, ƙanin mahaifin, Baffa Dabo, ya ɗauke shi ya haɗa da nasa 'ya'yan. A bayan shanun Baffa muryar ta buɗe. Ana cewa yakan tsaya a wannan gaɓar fadama ya kira saniya da sunanta daga waccan gaɓar, ta ɗago kai ta taho, wani lokacin har da ta maƙwabta. Da shanun suka ragu, kamar yadda suka ragu a kowane gida, ya auri Furera, ya sami gona a Masanawa, ya koma noman dawa da gyaɗa. Wata Juma'a tsohon sanƙiran garin ya sarƙe da tari a tsakiyar ɗaurin aure, taro ya yi tsit ana jira, Uwaisu da ke tsaye a gefe ya ƙarasa masa maganar, don kawai kada a bar liman da hannu a sama. Aka ji shi har mahauta. Daga ranar aikin ya zama nasa, ba tare da kowa ya naɗa shi ba.

Baffa Dabo bai ji daɗi ba. A wurinsa, duk wanda zai tsaya a taro yana ɗaga murya ana miƙa masa goro maroƙi ne, ko da wane suna aka kira shi, kuma zuriyarsu ba ta roƙo. Shekara biyu Uwaisu yana zuwa Madadi ya tsuguna ya gaishe shi, tsohon yana kallon wani wuri. A ta uku ya amsa da "lafiya" guda ɗaya. Uwaisu ya sha gaya wa Furera cewa ya taɓa kwana uku da zazzaɓi a daji shi kaɗai, amma bai ji jiki kamar a waɗannan shekaru biyu ba. Wataƙila shi ya sa ya zama mutumin da ba a fi shi gaisuwa ba a ƙasar Kabo. Idan ya tare ka zai tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da gona, da ruwa, da mai jiki ko da babu mai jiki, sannan ya dawo kan kwana don ya tabbatar. Masu sauri sukan sake hanya idan sun hango shi.

Muryar ta fara dishewa a watan Sha'aban na shekarar 2023, lokacin da kowa ke gaggawar aurar da 'ya'yansa kafin azumi. Wata Asabar ya ɗaga aure tara tsakanin Kabo da Gwarzo, a na ƙarshen ya ji wani abu ya tsinke masa a wuya kamar zare. Washegari ya tashi da murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Aka ce gajiya ce. Furera ta haɗa zuma da citta da kanumfari, ya sha har azumi ya wuce, ya sha har aka yi shuka. Muryar takan leƙo da safe, ta kai hantsi, ta gudu. Abin da ya fi tsorata shi shi ne ba ta sallama. Yana tsakiyar sunan ango sai ta yanke, iska kawai ta fito, mutanen baya su ci gaba da jira.

Sagiru wanzami, maƙwabcinsa kuma abokin hirarsa, ya sa shi ya buɗe baki a hasken rana, ya danne harshen da cokali, ya leƙa. Niyyarsa ya cire beli, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganda, wanda a wurin wanzamai shi ne tushen yawancin ciwon wuya. Sai ya tarar an riga an cire shi tun Uwaisu yana jariri. Ya mayar da askarsa cikin zabira ransa a ɓace, ya ce lallai ciwon ya yi nisa, tunda ya wuce inda hannu ke kaiwa.

A asibiti a Gwarzo aka ba shi takarda zuwa Kano, shi da Furera suka hau mota. Wadda ta duba shi a can Likita Naja'atu ce, ƙwararriyar kunne da hanci da maƙogwaro, mace mai 'yar siririyar murya wadda sai an matso ake jin ta. Uwaisu ya tausaya mata a zuciyarsa. Ta zura wani siririn bututu mai fitila ta hancinsa, ta juyo masa da allon talabijin.

"Ka ga waɗannan fararen guda biyu da ke buɗewa suna rufewa? Su ne tantanin murya. Idan suka haɗu iska ta ratsa, shi ne magana. Ja numfashi ka yi sauti."

Ya yi. Fararen suka matso, suka kasa haɗuwa, saboda a gefen na dama akwai wani ɗan jan tsiro kamar ƙwayar dawa.

"Shekara talatin wannan ɗan abin ne ke ciyar da ni?" in ji Uwaisu da aka zare bututun. "Na ɗauka ya kai harshen saniya."

"Bai wuce tsawon farcenka ba, Baba."

Furera, da ke zaune a bakin kujera, ta yi tambayar da ta kawo ta. "Likita, irin mai cin mutum ne?"

"Ga dukkan alama ba ciwon daji ba ne. Wata 'yar jijiyar jini ce ta fashe saboda ɗaga murya, ta warke da ƙulli. Idan mun cire za mu aika a duba don mu tabbatar. Ba zai kashe shi ba, Inna. Muryar ce kawai abin ji."

"Kawai," in ji Uwaisu.

Likitar ta ce hanya biyu ce, kuma duk ta baki ake bi, bayan an yi masa allurar barci, ba za a tsaga wuya ba. Ta farko da ƙarfe: wasu ƙananan almakashi da hantsaki masu dogon hannu, ana kallo ta madubin ƙara girma. Amfaninsu likita tana jin naman a hannunta, kuma babu zafin da zai taɓa gefe. Illarsu jini yakan ɗan zuba ya rufe gani, kuma hannun mutum hannun mutum ne. Ta biyu da na'urar leza, wani haske ne siriri kamar gashi, yana yanka yana tsayar da jini a lokaci guda, yana sauka daidai inda aka nuna masa. Illarsa zafi. Idan ya ɗan daɗe a wuri sai ya dafa naman da ke kusa, naman da ya dahu kuma tabo yake zama, tabo ba ya karkarwa, abin da ba ya karkarwa ba ya ba da murya.

"To wanne ya fi?" in ji Uwaisu.

"Ga tsiro irin naka, bayan wata uku da wuya ka bambanta muryar wanda aka yi wa wannan da ta wanda aka yi wa wancan. Na yi duka biyun. Zaɓi wanda hankalinka ya kwanta da shi." Ta ajiye biro ta dube shi. "Abin da ba ka da zaɓi a kai shi ne bayan aikin. Kwana bakwai ba magana. Ba raɗa, don raɗa ta fi magana wahalar da wurin. Ba kaki, ba gyaran murya. Gyambo ne a wurin da ke gogar juna sau ɗari a ƙiftawar ido duk lokacin da ka yi sauti. Idan ka bar shi ya huta, zai warke sumul. Idan ba ka bar shi ba, babu na'urar da za ta cece ka."

"Har gaisuwa?" in ji Furera.

"Har gaisuwa."

Uwaisu ya yi wani sauti da a da dariya ne. Likitar ta maimaita maganar shirun sau biyu kafin su fita, ta kuma rubuta a takarda.

Labari uku suka ɗauko daga Kano, na ƙarfe da na leza da na shiru, biyun farko ne suka isa Masanawa. Kafin la'asar ɗin washegari garin ya rabu gida biyu, masu wuta da masu ƙarfe, don ba wanda ya wahalar da bakinsa da kiran sunan na'urar. Sagiru wanzami shi ne jagoran masu ƙarfe.

"Nama da ƙarfe sun san juna tun zamanin kakanni," in ji shi a majalisar ƙofar masallaci. "Ka yanka, jini ya fita, mugun abu ya bi shi. Amma a kunna maka wuta a maƙoshi? Kai tsire ne? Idan aka ɗauke lantarki ana tsakiyar aiki fa?"

"Suna da janareta," in ji wani.

"Janaretan ma da ƙarfe aka yi shi," in ji Sagiru, aka yarda ya yi nasara a wannan zaman.

Mako uku ana wannan. Mutanen da ba su taɓa ganin cikin maƙogwaro ba, ko na akuya, sun yi bayani dalla-dalla a kan yadda haske ke ratsa nama. An yi sulhu tsakanin mutum biyu da suka kusa ba hammata iska. Uwaisu yana zaune yana saurare, duk wanda ya yi magana ya ga kamar shi ke da gaskiya. Furera ce kaɗai take tada zancen kwana bakwai, sai ya ce mata wannan ai mai sauƙin ne, shiru ba ya buƙatar gwani.

A ƙarshe ya tafi Madadi, don abu irin wannan ba a yanke shi sai da babba. Baffa Dabo ya kusa shekara casa'in, idonsa garau, amma kunnuwansa sun yi nauyi, sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Uwaisu ya tsuguna ya tattaro ragowar muryarsa ya yi bayani. Tsohon ya gane abin da wuri, don a ganinsa ba sabon abu ba ne. Ya shekara saba'in yana yi wa shanu lalas, wato a gasa ƙarfe ya yi ja a ɗora a kan ƙari ko kumburi.

"Abin da aka yanka yana tsirowa," in ji shi. "Abin da aka ƙona ba ya dawowa. Na gani a saniya ta fi ɗari. Ka ce su sa wutar."

Magana ta ƙare. Aka yi aikin da leza wata Talata bayan an cire gyaɗa. Bai kai rabin awa ba. Likita Naja'atu ta fito ta gaya wa Furera cewa tsiron ya fita cif, ko ɗigon jini babu, gefen kuma bai ƙone ba, aiki ne da za ta so ɗalibanta su gani. Ta ba da shawara su zauna a Kano har kwana bakwai su cika. Uwaisu ya girgiza kai, ya rubuta wa Furera da ajami a bayan takardar magani cewa wanda aka sallama gida yake komawa, in ba haka ba za a ce ciwon ya fi yadda aka faɗa. Ranar Laraba suna Masanawa.

Furera ta yi abin da za ta iya. Ta manna takardar likita a bangon zaure. Ta aika wa liman ya sanar a masallaci cewa an hana Malam magana, liman kuwa ya sanar bayan sallar azahar, amma da yake mai ɗaga masa magana shi ne a kwance, sahun farko kaɗai suka ji. Su ma abin da suka fahimta shi ne Uwaisu ya dawo. Wannan ya isa. Babu gida a tsakanin Kabo da Gwarzo da bai ɗaga wa aure ko suna ba, kuma dubiya haƙƙi ce, wanda bai je ba za a tuna masa har a bikin jikansa.

Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Mace ba ta zama a zaure cikin maza, don haka Furera ta tsaya a bayan ƙyaure tana saurare. Masu karatu sukan karanta takardar bango, su gyaɗa kai cikin girmamawa, sannan su juya su ce, "Sannu Malam, ya jiki? Ya aka ji da hanya? Ya ƙarfin jikin?" Ba taurin kai ba ne. A wurinsu gaisuwa abu ne da ake yi kafin a fara magana, kuma ba wanda ya yi niyyar fara magana.

Laraba da Alhamis Uwaisu ya riƙe. Yana dafa ƙirji, yana ɗaga hannu biyu, yana murmushi har kumatunsa suka yi ciwo. Mutum ya jero tambaya shida, ya tsaya, shirun ya faɗo a tsakaninsu, mai dubiya ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi addu'a ya tashi. A waje kuma aka fara lissafi. Wasu suka ce wutar ta cinye muryar gaba ɗaya ana ɓoyewa. Wasu suka ce tun da aka haska shi da na'urar Turawa ya fara jin kansa. Duk wannan yana shigowa zaure ta bakin masu zuwa su ce ba su yarda da shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da Baffa Dabo, wanda ya yi shekara huɗu bai bar Madadi ba. Furera ta hango shi ta kafar ƙyaure. Mutanen zaure suka miƙe, aka zaunar da shi a kan buzu, Uwaisu ya sauko daga tabarmarsa ya tsuguna.

"Uwaisu. Sannu. Ya jikin?"

Uwaisu ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Na ce ya jikin?"

Wani daga gefe ya ce, "Baffa, likita ta hana shi magana." Ya faɗa a hankali, yadda ake yi wa babba magana, don haka tsohon bai ji ba. Wani ya nuna masa takardar bango. Baffa Dabo ya kalle ta kamar yadda yake kallon kowace takarda. Furera tana da muryar da za ta kai kunnensa, amma matar ɗa ba ta ɗaga murya a kan baffan mijinta daga bayan ƙyaure, a gaban maza goma sha wani abu.

"Na taso tun daga Madadi a kan wannan abin mai girgiza ƙashi," in ji tsohon. "Ko ka riƙe ni ne har yanzu? Shekara biyun nan ce kake rama mini?"

Tsohon ya kawar da kai ya kalli wani wuri, ya fara laluben sandarsa.

"Da sauƙi, Baffa," in ji Uwaisu.

Muryar ta fito a hankali, amma tas, ba gargada, irin wadda ba a ji ba tun kafin azumi. Mutanen zaure suka yi kabbara.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

Uwaisu ya matsa, ya cika ƙirji yadda ya saba. "Na ce da sauƙi, Baffa! Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya ƙafar taka?"

An ji shi har bakin titi. Tsohon ya yi murmushi, ya ajiye sanda. "To ka gani? Na ce maka wuta." Suka gaisa yadda ya kamata, tun daga kwana har kan 'yan shanun da suka rage, komai sai an faɗa sau biyu. Bayan sallar Juma'a tsohon ya ci abinci ya tafi da farin ciki.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar mugun nufin kowa. Wanda ya amsa wa mutum ɗaya ba shi da hujjar yi wa na biyu shiru. Waɗanda suka zo Laraba da Alhamis suka ji cewa bakin ya buɗe, suka dawo karɓar amsarsu. Surukansa suka zo, mai unguwa ya zo, masu wuta suka zo su ji nasararsu da kunnensu, masu ƙarfe suka zo su ji ko akwai ɗan tsatsa a ciki. Uwaisu ya yi ƙoƙarin taƙaitawa, ya koma raɗa don ya lallaɓa wurin. Furera ta tare shi a tsakar gida ranar Asabar.

"Malam, raɗar nan ita ce ta ce ta fi muni."

"To in yi yaya? In ce wa Alhaji mai unguwa ya karanta bango?"

"Ka shiga ɗaki in ce kana barci."

"Tun safe har magariba? Sai su ce suma nake yi."

Ranar Lahadi da safe yana alwala ya ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, ya tofar, ya ga ja kaɗan. Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Da aka yi sallama a zaure ya amsa, abin da ya fito bai kai bakin ƙofa ba.

Bayan mako shida suka koma Kano. Likita Naja'atu ta zura bututun, ta daɗe tana kallon allon. A inda tsiron yake da, wani ya fito, ya fi na farko faɗi, gefensa kuma wani farin layi mai tauri wanda ba ya motsi idan sauran naman yana motsi.

"Rana ta nawa ya yi magana?" ta tambayi Furera, ba shi ba.

"Ta huɗu."

"Mutum nawa?"

"Gari biyu, Likita."

Likitar ta ce sakamakon na farko ya dawo, ba ciwon daji ba ne, a gode wa Allah. Sabon tsiron za ta iya cirewa. Farin layin tabo ne, shi kam ya zauna. Ta ce wannan karon da ƙarfe za ta yi, ba don leza ta yi laifi ba, sai don ba ta son ko ɗan zafi ya kusanci tabon. Ta ce naman wurin ba shi da yawa, kowane aiki yana rage shi, kuma ba ta ga abin da zai saura a yi na uku da shi ba. Idan wannan ya warke cikin shiru, zai sami muryar da zai yi hira, wataƙila har ya ɗaga suna a ƙaramin taro. Idan bai warke cikin shiru ba, abin da yake da shi yanzu ma sai ya yi kewarsa.

"Kwana goma wannan karon. A nan Kano. Kada kowa ya san gidan da kuke."

A Masanawa an karɓi labarin da natsuwa, don ya tabbatar da abin da rabin garin suka daɗe suna faɗa. Sagiru bai yi alfahari ba, ya dai ce ita kanta likitar ta dawo hanya. Masu wuta suka ce ba a bar wutar ta ci sosai ba ne. Kakar bana an ɗaura aure da yawa, liman yana amfani da lasifikar masallaci mai shaƙewa, Uwaisu yana zaune a sahun gaba ana ba shi goro don girmamawa, leɓɓansa suna bin sunayen ba sauti.

An sa ranar aikin, Talata ta biyu bayan an gama girbin dawa. Furera ta shirya da wata 'yar ƙanwarta da ke aure a wata unguwa a bayan gari a Kano, gida mai ƙofar ƙarfe, ba zaure. Ba ta gaya wa ko maƙwabciyarta ba. Ta roƙi mijinta abu ɗaya, su fita da sassafe kamar masu zuwa kasuwar Gwarzo.

Uwaisu ya ce ya ji. Amma ranar Lahadi ya sa babbar riga. Mutumin da za a yi wa allurar barci ba shi da tabbacin farkawa, kuma Musulmi ba ya tafiya irin wannan bai nemi yafiyar mutane ba, balle wanda ya shekara talatin yana kiran sunayensu a bainar jama'a, wataƙila ya taɓa tauye wa wani laƙabi. Ya bi gida-gida. Kowa ya yafe, kowa ya yi addu'a, kowa ya tambaya yaushe ne, kuma a ina za a sauka. Tambaya ce aka yi masa ido da ido. Ya amsa.

Madadi ce ta ƙarshe da ya je. Baffa Dabo ya saurara da hannu a bayan kunne, sannan idonsa ya kawo ruwa, abin da Uwaisu bai taɓa gani ba ko ranar da aka binne mahaifinsa.

"Ni na sa ka," in ji tsohon. "Ni na ce wuta. Na zo na duba ka rabin yini na tafi, kamar baƙo. Wannan karon ba zan bar ka a hannun mutanen birni ba."

Uwaisu ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, iska ta fito.

"Kada ka ce komai, na riga na yanke. Tare za mu tafi. A gefenka zan zauna har kwana goman su cika, ina tambayarka jikin safe da yamma, don in ji da kunnena."

Da Uwaisu ya dawo gida da la'asar ya tarar da Furera tana ɗaure kaya. Ta dube shi, ta dubi babbar rigar, ta ci gaba da ɗaurin. Ba ta tambaye shi inda ya je ba. Can ya tsuguna kusa da ita, ya kai baki kunnenta, ya ce ta ƙara tabarma ɗaya.